Awa 507: shekara biyu a rayuwar wata 'yar wasan Faransa bayan an cire ta daga shirin talabijin

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar wasan kwaikwayo ce, haifaffiyar watan Afrilun 1973, tana zaune a wata unguwa da ke gefen Paris. Ba za a ambaci sunanta ba, haka ma sunan shirin da ta fito a ciki da kamfanonin da ta yi wa aiki. Abin da aka bi diddiginsa shi ne tsakanin Oktoban 2022 da Oktoban 2024.

Ta koyi wasa a makarantar gwamnati a lardi, ta shigo Paris a tsakiyar shekarun 1990, ta daɗe a dandamali. A sinima fitowarta gajeru ne: ma'aikaciyar jinya, maƙwabciya, magatakardar kotu, aikin kwana biyu zuwa biyar. Ta kuma yi fina-finan talabijin na minti 90, irin na binciken kisa da tashoshin gwamnati ke yawan sakawa. A 2019 ta samu gurbi a ɗaya daga cikin shirye-shirye masu dogon zango da ake nunawa Litinin zuwa Juma'a, waɗanda ake ɗauka a kudancin ƙasar, a Marseille da Sète da kewayen Montpellier. Ba ta cikin manyan taurarin shirin, amma ana kiranta kusan kowane wata.

Sai an san tsarin da 'yan wasan Faransa ke rayuwa a ƙarƙashinsa kafin a gane matsalarta. Dokar ƙwadago ta ƙasar tana ɗaukar ɗan wasa a matsayin ma'aikaci mai albashi, ko da aikin na yini ɗaya ne. Kowane aiki da kwantiraginsa, kuma a kwanakin da ba shi da aiki inshorar rashin aikin yi ce ke biyansa alawus. Masu wannan matsayi su ake kira intermittents du spectacle, wato ma'aikatan lokaci-lokaci na fagen wasa. Rataye na 10 na dokokin inshorar ya shafi 'yan wasa da mawaƙa, rataye na 8 kuma masu kyamara da haske da sauti. Sharaɗin shiga ɗaya ne: awa 507 na aiki a cikin wata 12. Haka yake tun 2016. Daga 2003 zuwa lokacin wata goma da rabi ake ba 'yan wasa, kuma wancan gyara na 2003 shi ya jawo yajin aikin da ya sa aka soke bikin wasan kwaikwayo na Avignon a shekarar.

Galibi ba da awa ake biyan ɗan wasa ba, da yini ne. Faransawa na kiran wannan cachet, a nan za mu ce ladan yini. Kowane ladan yini awa 12 ne a lissafi, ko da awa uku aka yi a wurin ɗauka. Idan aka raba 507 da 12, sai an samu 43 kafin a tsallake, kuma ba a ƙirga fiye da 28 a wata guda. Duk wanda ya ɗauki ɗan wasa aiki dole ya aika wa hukuma takardar shaida ta wata, wadda ake kira AEM, shi kuma ɗan wasan ya bayyana ayyukansa da kansa tsakanin 28 ga wata da 15 ga mai bi masa. Wata 12 bayan ƙarewar kwantiragin da aka buɗe masa haƙƙin karɓar alawus da shi, ana sake duba fayil ɗinsa. Wannan ita ce ranar bita. Awoyin da aka riga aka yi amfani da su ba sa sake shiga lissafi.

Wannan mata ta fi shekara 15 tana tsallake ranar bita ba tare da ta taɓa faɗuwa ba.

Oktoba 2022: an rufe labarinta a shirin

A ƙarshen bazara aka sanar da ejan ɗinta, wato wakilin da ke nemo mata aiki, cewa marubuta sun yanke shawarar matar da take fitowa a matsayinta za ta bar garin. Ranar Juma'a 14 ga Oktoba 2022 ta yi ɗaukar ƙarshe. Bitar shekarar ta zo a makon da ya biyo, ta wuce cikin sauƙi: ladan yini 71, wato awa 852, da albashin da ya kai kimanin yuro 45,000 kafin cire haraji. Aka yanka mata alawus na kusan yuro 76 a rana, aka sa sabuwar ranar bita a tsakiyar Oktoban 2023.

Akwai abin da ba ta lura da shi sosai ba a takardar. Wanda ya samu albashi mai kauri a shekarar da ta wuce ana ɗora masa wasu kwanaki da ba za a biya shi alawus ba, ana kuma rarraba su a kan watanni takwas na farko. Nata sun haura kwana 50, ban da na hutun shekara. Ke nan daga Nuwamba zuwa Yuni, kowane wata ana zare mata kusan mako guda, a daidai lokacin da albashin talabijin ya tsaya.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: jiran waya

Shawarar ejan ita ce ta huta, kada ta karɓi ƙananan ayyuka, domin fuskarta tana nan a idon masu kallo kuma babban gurbi na iya zuwa. Ejan yana karɓar kashi 10 cikin 100 na abin da ɗan wasa ya samu, saboda haka hankalinsa yana kan aikin da ke da tsoka. Ta bi shawarar.

A cikin wata huɗu da rabi an nemi ta aika gwaji sau tara. Yanzu yawancin gwajin farko a gida ake yi: mai zaɓen 'yan wasa ya turo shafi biyu ko uku, ɗan wasa ya ɗauki kansa da waya a gaban farin bango, wani na karanta masa ɗaya ɓangaren daga bayan kyamara, ya tura cikin kwana biyu. Sau biyu aka kira ta zagaye na biyu. Ɗaya ya zama aiki: kwana uku a wani fim na talabijin a Janairu, awa 36. A Disamba ta yi karatun labari a bainar jama'a sau biyu a ɗakin karatu na wata ƙaramar hukuma, aka biya ta ta hanyar GUSO, ofishin da masu ɗaukar 'yan wasa jefi-jefi ke bi, awa 24.

Jimilla a ƙarshen Fabrairu: awa 60.

Ta kuma karɓi koyar da wasa a makarantar fasaha ta wata ƙaramar hukuma daga Janairu, a madadin malamar da ta tafi jinya, awa biyar a mako. Don kuɗin cefane ta karɓa, ba ta sa shi a lissafinta ba.

Maris zuwa Mayu 2023: aiki da yawa, awoyi kaɗan

A Maris ta daina jira, ta fara karɓar duk abin da ya zo. A cikin wata uku ta yi aiki na kwana 20, ban da koyarwa. Da dukkansu sun shiga a matsayin ladan yini, da ta samu awa 240. Abin da ya shiga 72 ne. Ga yadda sauran suka zube.

Na farko gajeren fim ne na wasu matasa da suka gama makarantar sinima, kwana biyar. Babu albashi, babu kwantiragi, sai abinci da kuɗin mota. Aikin da ba a biya ba, ba shi da takardar AEM, kuma abin da ba shi da wannan takarda hukuma ba ta san da shi ba. Awa sifili.

Na biyu talla ce, yini ɗaya, kuɗin kuma ya fi na kwana uku a talabijin. A talla ana iya ɗaukar mutum da kwantiragin ɗan wasa, ana kuma iya ɗaukarsa da kwantiragin mai nuna kaya, wanda ake kira mannequin. Na biyun yana ƙarƙashin tsarin ma'aikata na gama-gari, ba ya shiga rataye na 10. Ita na biyun ta sa wa hannu, a safiyar ɗauka, a tsaye, ana yi mata kwalliya. Da an tattauna tun kafin ranar, akwai hujjar neman na ɗan wasa, tunda a tallar magana take yi tana kwaikwayon wata mata.

Na uku shi ya fi cin lokaci. Wani kamfanin horar da ma'aikata yana ɗaukar 'yan wasa su kwaikwayi abokin ciniki mai fushi ko ma'aikacin da za a sallama, domin manajoji su koyi yadda ake irin wannan magana. Kamfanin ya ce ba ya ɗaukar mutum da albashi, sai dai ta yi rajistar ƙaramar sana'a ta mutum ɗaya ta aiko da takardar neman biya. Ta yi, ta kuma yi musu kwana shida. Kuɗin da aka karɓa ta wannan hanya ciniki ne a idon doka, ba albashi ba ne, don haka ba ya haifar da awa ko ɗaya. Ƙari a kan haka, dole ta bayyana shi a ƙarshen wata, ya kuma rage mata alawus.

Na huɗu fim ne na sinima, haɗin gwiwar Faransa da Beljiyam, kwana huɗu a Brussels. Ana yawan kai ɗaukar fina-finan Faransa can saboda sassaucin haraji da ƙasar ke ba masu zuba kuɗi a fim. Kamfanin Beljiyam ne ya ba ta kwantiragi. Aikin ɗan wasa a wata ƙasa ta Tarayyar Turai yana shiga lissafi, amma a kan awa shida a rana, kuma sai an kawo takardar da ake kira U1 daga hukumar can. Ta sa ran awa 48, ta samu 24, takardar ma ta ɗauki makonni kafin ta iso.

Na biyar shi ne cika fage, wato fitowa cikin mutanen da ake gani a bayan jarumai suna wucewa ko suna cin abinci, ba sa magana. Kuɗin kaɗan ne, amma kowane yini ladan yini ne cikakke. Ta yi huɗu, awa 48. Ejan bai ji daɗi ba, kuma damuwarsa na da tushe: darakta ko mai zaɓen 'yan wasa da ya gan ta a layin masu cika fage da wuya ya tuna da ita idan yana neman mai riƙe babban gurbi. Ta zaɓi wuraren da take ganin ba a san ta ba, ta tsaya a huɗu.

Jimilla a ƙarshen Mayu: awa 132. Saura wata huɗu da rabi.

Yuni 2023: zaman lissafi

A farkon Yuni ta kwashi takardunta duka ta je wurin masu ba da shawara na ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa. Suka jera kwantiragi ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, suka ware masu shiga da marasa shiga. A nan ne ta fara jin dalilin zubewar talla da aikin kamfanin horarwa.

A nan kuma aka gano koyarwar. Awoyin da ɗan wasa ya koyar da sana'arsa suna shiga cikin 507, muddin da kwantiragin aiki ne kuma makarantar tana cikin waɗanda hukuma ta amince da su, kamar makarantun gwamnati da na ƙananan hukumomi. Iyakarsu awa 70 ce, amma ga wanda ya kai shekara 50 a ranar da kwantiragin da za a buɗe haƙƙi da shi ya ƙare, iyakar tana hawa zuwa 120. Ita ta cika 50 a Afrilu. Mako 22 sau awa biyar ya ba da 110, kuma duka za su shiga. Lissafi ya tashi daga 132 zuwa 242.

A watan ta yi kwas na ɗora murya, wato sa muryar Faransanci a kan fim ɗin da aka yi da wani harshe, na mako biyu, awa 70, wanda Afdas, asusun horar da ma'aikatan fagen al'adu, ya biya. Awoyin horo ma suna iya shiga lissafi har zuwa 338, amma da sharaɗin cewa inshorar ba ta biya mutum alawus a kwanakin horon ba. Ita ta ci gaba da karɓa, domin ba ta da halin rasa kuɗin mako biyu, saboda haka awa 70 ɗin ba su shiga ba. An sanar da ita tun kafin ta fara.

Ɗora murya a Faransa sana'a ce mai zaman kanta. Ana rubuta maganar a wani ziri da ke gudana a ƙasan hoto, haruffan suna miƙewa ko suna matsewa daidai da motsin leɓen wanda ke cikin fim, mai murya kuma yana furta kowace gaɓa a daidai lokacin da ta ratsa wani layi da ke tsaye. Wanda ya saba da dandamali yakan sha wahala da farko, domin ido yana kan rubutu, jiki a tsaye cik a gaban makirufo, motsin tufafi ma ana jinsa. Ana biya gwargwadon yawan layukan da mutum ya faɗa, amma ana rubuta zaman a matsayin ladan yini. Sabon shiga yana farawa ne da zuwa sutudiyo ya zauna a baya yana kallo da izinin mai jagorantar muryoyi, har ranar da za a ce ya gwada. Bayan nan sai muryoyin taron jama'a, sannan ƙananan gurabe.

Yuli zuwa Oktoba 2023: Avignon da abin da ya biyo baya

Wata ƙaramar ƙungiyar wasa da za ta je ɓangaren Off na bikin Avignon, wato wasannin da ƙungiyoyi ke kawowa da kansu a gefen jadawalin bikin na hukuma, ta nemi wadda za ta raba gurbi da 'yar wasansu, yau wannan gobe waccan. A 2023 an yi Off daga 7 zuwa 29 ga Yuli, da wasanni kusan 1,500. Ƙungiyoyi su ke hayar lokaci a ɗakin wasa da kuɗinsu, su biya masauki, 'yan wasa kuma su fita titi da rana suna raba takardun talla da hannunsu. Da yawa suna komawa gida da bashi. Abin da ke kai su shi ne masu tsara jadawalin gidajen wasa na larduna, waɗanda ke zuwa kallo su sayi wasa don kakar da ke tafe. Saboda ƙarancin kuɗi, akan samu ƙungiyar da za ta ce a yi wasa 20 a rubuta 12. Wannan karon, kafin ta amsa, ta nemi a rubuta mata cewa kowane wasa da kowane zaman gwaji za a bayyana shi, ita kuma ta yarda da mafi ƙarancin albashin da yarjejeniyar sana'ar ta tanada. Ta yi wasa 11, awa 132, da zaman gwaji biyar na awa huɗu-huɗu, awa 20. Lissafi ya kai 394.

Agusta babu komai, kamar yadda aka saba. A Satumba ta samu zaman ɗora murya biyu a cikin muryoyin taro, da kwana biyu a wani fim na talabijin. Ranar bita ta same ta da awa 442. Saura 65.

Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: wa'adin cike giɓi

Pôle emploi, hukumar da ke biyan alawus ɗin, ta aiko da takardar ƙin sabunta haƙƙi, tare da bayanin wata dama da aka shigar a dokokin 2016. Wanda ya samu aƙalla awa 338, kuma yana da shekara biyar a cikin tsarin a shekaru goma da suka wuce, yana iya neman wa'adin da bai wuce wata shida ba domin ya cika abin da ya rage, ana ci gaba da biyansa alawus a matsayin kafin alƙalami. Kwana 30 ake bayarwa a nema, kuma idan an nema ba a janyewa. Ta nema a makon farko.

Ladan yini shida take buƙata. An riga an ba ta gurbin kwana uku a wani shiri da za a ɗauka a ƙarshen Nuwamba. Sai ma'aikatan fasaha na shirye-shiryen talabijin suka shiga yajin aiki daga tsakiyar watan a kan ƙarin albashi, ɗauka ta tsaya a wurare da dama, nata aka ɗaga zuwa Janairu. A ɓangaren murya kuma, yajin aikin marubuta da 'yan wasan Amurka na wannan shekara, wanda na 'yan wasan bai ƙare ba sai 9 ga Nuwamba, ya rage shirye-shiryen da ke isowa sutudiyon Paris, kuma idan aiki ya yi ƙaranci tsofaffin hannu ake fara kira. Zama ɗaya ta samu a Nuwamba. A Disamba ta yi wasan yara sau biyu a bukukuwan ƙarshen shekara, ta hanyar GUSO. Lissafi 478.

Ranar 1 ga Janairu 2024 Pôle emploi ta koma France Travail, ba tare da sharuɗɗan sun canja ba. Aka yi ɗaukar da aka ɗaga, ta ƙare ranar Juma'a 19 ga Janairu. Awa 514.

An buɗe mata haƙƙi, amma da abubuwa biyu. Alawus ya sauko ƙasa da yuro 60 a rana, tunda albashin shekarar bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabata ba. Bai faɗi fiye da haka ba ne domin tsarin lissafin yana ba yuro 13,700 na farko nauyi sosai, abin da ya haura kuma kaɗan yake ƙarawa, sannan akwai ƙasan da ba a sauka daga shi, yuro 44 ga 'yan wasa. Na biyun ya fi tsanani: wanda ya bi ta wannan wa'adi, ranar bitarsa ana ƙirga ta ne daga farkon wa'adin. Ke nan tana nan a tsakiyar Oktoban 2024, awoyin da ta yi har zuwa 19 ga Janairu kuma an cinye su. Sabbin awa 507 take buƙata a ƙasa da wata tara, a shekarar da hukumar birnin Paris ta taƙaita izinin ɗaukar fim a tituna saboda wasannin Olamfik.

Janairu zuwa Oktoba 2024: sake tsari

Ta fara da abin da masu zaɓen 'yan wasa ke gani. Hotunanta na fayil na 2017 ne, bidiyon samfurin aikinta kuma kusan duk daga shirin kullum aka yanko shi. Ta yi sabbin hotuna ba tare da an goge alamun shekaru ba. Aka sake haɗa bidiyon ya koma minti biyu da rabi, aka buɗe shi da wani yanki daga gajeren fim ɗin matasan nan, inda ta fito a matsayin uwar da ke jira a ofishin 'yan sanda, sai yanki daga fim ɗin Brussels, shirin kullum ya koma ƙarshe. Ta zauna da ejan suka amince a daina tura ta gurbin mata 'yan shekara 40, a koma alƙali, likita, shugabar makaranta, uwar manyan 'ya'ya.

Ta kuma rubuta wa masu zaɓen 'yan wasa na kudu da ta sani tun zamanin shirin, ta sanar da su tana da masauki wurin 'yar'uwarta kusa da Montpellier. Wannan yana da amfani ga furodusa ta fuska biyu: ba zai biya jirgin ƙasa da otal ba, kuma kuɗin tallafin da yankuna ke bayarwa yana zuwa ne da sharaɗin a kashe wani kaso a yankin.

Ta buɗe jadawali mai ginshiƙi huɗu: ranar aiki, irin kwantiragi, awoyin da ake sa rai, da ranar da takardar AEM ta bayyana a shafinta na intanet. Sau biyu takarda ba ta bayyana ba bayan wata guda, ta bi sawu aka gyara. Ta sa wa kanta mizanin awa 60 a wata. Ta rufe rajistar ƙaramar sana'ar.

Ga abin da aka samu daga 20 ga Janairu zuwa 27 ga Satumba. Koyarwa a makarantar nan, da sabon kwantiragi daga Fabrairu zuwa Yuni, awa 100. Ɗora murya zama 13, awa 156, huɗu na ƙarshe da gurbi mai suna. Wasan Avignon, wanda gidajen wasa na larduna suka saya, sau takwas, awa 96. Talabijin kwana tara, awa 108, biyar daga ciki a kudu. Sinima kwana uku, awa 36. Wasan kwaikwayo na rediyo zama biyu, awa 24. Jimilla 520. Bitar Oktoba ta wuce, alawus ya ɗan haura yuro 60.

Hukunci

Babbar asarar ta faru ne a wata huɗu da rabi na farko. Wanda ke buƙatar ladan yini 43 a shekara yana buƙatar kusan huɗu a kowane wata, ita kuwa biyar ta samu daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Shawarar ejan ba ta mugunta ba ce, daidai take ga mai neman babban gurbi, amma ejan ba shi ke riƙe da lissafin awoyi ba, kuma shekaru uku na aikin kullum sun sa ita ma ta daina riƙewa. Da zaman da ta yi a Yuni an yi shi a Nuwamba, da talla da aikin kamfanin horarwa, kwana bakwai cur, ko dai sun zo da kwantiragin da ya dace ko kuma ta bar su ta nemi wani abu. Kwana bakwai awa 84 ne, giɓin da ya kayar da ita kuma 65 ne.

Ba duk abin da bai ba da awa ba ne ya tafi a banza. Gajeren fim ɗin da ba a biya ba shi ya ba ta yankin da ya nuna ta a shekarunta na gaskiya, kwas ɗin da bai shiga lissafi ba kuma ya haifar da awa 192 a cikin wata 13. Aikin kamfanin horarwa ne kaɗai bai bar komai ba sai kuɗin watan.

Wa'adin cike giɓi ya cece ta, kuma ya dace a ce an tsara shi don irinta, mai dogon tarihi da shekara ɗaya ta juya wa baya. Amma rance ne a kan shekarar gaba. Wanda giɓinsa ya kai awa 150 ya kamata ya yi lissafi da kyau kafin ya nema, domin duk watan da ya ci a cikin wa'adin an zare shi ne daga shekarar da ke tafe.

Akwai kuma ɓangaren da ba laifinta ba ne, kuma ba jadawali ke gyara shi ba. Ƙungiyar 'yan wasa ta AAFA ta kafa kwamiti a 2015 a kan abin da ta kira ramin da 'yar wasa ke shiga a shekara 50. Ƙidayarsu ta fina-finan 2015 da 2016 ta nuna gurbin da aka ba mata masu wannan shekaru bai kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali rabin matan Faransa da suka balaga sun haura 50. Abin takaici ne a ce dokar da ta ƙara mata awa 50 na koyarwa saboda shekarunta tana amsa wannan gaskiya ce a fakaice: an san aikin gaban kyamara zai ragu, sai aka buɗe mata ƙofar aji. A awa 520 na shekarar ƙarshe, 144 ne kawai ta yi a gaban kyamara, a inda shekara biyu kafin nan ta yi 852. A sinima kuwa, wadda ita ce ta kawo ta Paris, kwana bakwai ta yi a cikin shekara biyun.